Ridina: Yadda Masaukin Alhazai Ya Zama Gidan Gado

Sunayen unguwannin garin nan magana suke yi, sai dai yawan faɗarsu ya sa kunne ya daina saurare. Sunan garin kansa, Injamena, a Larabcin Cadi yana nufin "mun huta". Ambasatna kuwa "mun ji daɗi". Ridina, wadda ke cikin gunduma ta biyar tare da Amrigebe da Karkanjiye da Shandefil, ma'anarta "mun yarda". Duka ukun bakin jama'a ne, kuma duka ukun magana ce irin ta waɗanda suka sauke kaya bayan doguwar tafiya. A kan na ukun Bahaushe ba ya bukatar tafinta, domin kalmarmu ta "yarda" daga wannan tushe na Larabci aka aro ta. Akwai kuma waɗansu sunaye biyu da kunnen mai jin Hausa ba ya wuce su haka nan: Sabangali, wadda ke masa kama da "sabon gari", da Gardole, wadda ke masa kama da "garin dole".

Kalmar yarda ce za mu bi a wannan rubutu, domin a kanta aka kafa mafi yawan gidajen iyayenmu da kakanninmu a tsofaffin unguwanni. Mai unguwa ya yarda, makwabta sun yarda, dattawa biyu ko uku sun shaida, an karanta Fatiha, an raba goro, gida ya tabbata. Hukuma kuwa, tun daga zamanin Faransa har zuwa yau, takarda take tambaya. Tsakanin waɗannan biyu ne gidajen gado da yawa suke fita daga hannun zuriyar waɗanda suka gina su, kuma abin yana da tarihi.

Ran 22 ga Afrilu 1900 rundunonin Faransa uku, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga yamma ta ƙasar Damagaram, ɗaya daga Kongo, suka haɗu a kan Rabe a Kusuri. A ranar Rabe ya mutu, Kwamanda Lami da ya jagoranci yaƙin shi ma ya mutu. Ran 29 ga Mayu na shekarar, Emil Janti ya kafa bariki a hannun dama na kogin Shari, daura da inda Logon ke zubowa, ya sa masa sunan mamacin: Fort Lami. Lissafin soja ne ya zaɓi wurin. Kusuri ta faɗa rabon Jamus, ana bukatar ido a kanta, kuma kogi shi ne hanyar da kaya da harsashi ke zuwa daga kudu idan ruwa ya cika. Ba wanda ya tsaya tunanin yadda mutum miliyan ɗaya za su zauna a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai laka, wadda ruwan sama ba ya samun gangaren da zai bi.

Mutanen farko da suka kewaye barikin tarkace ne na zamanin da ya ƙare: sojojin Faransa baƙaƙe da iyalansu, ragowar mayaƙan Rabe da matansu da bayinsu waɗanda suka watse daga Dikwa, masunta Kotoko da Larabawan Shuwa waɗanda dama ƙasarsu ce, sai Barebari da Jallaba da Hausawa masu bin kasuwa duk inda ta buɗe. Turawa suka ɗauki bakin kogi, inda iska take, suka gina ofisoshi da gidajensu. Sauran jama'a aka bar su su yi unguwanni a baya, kowace ƙabila da shugabanta, kuma daga baya aka ɗora sarautar gari a kansu, wadda ke hannun gidan Kasser.

Abin da ya cika garin da Hausawa kuwa hanyar Makka ce. Kano ta faɗi hannun Ingila a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, kuma ran 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Wannan ayari ya buɗe ƙofa, sauran suka biyo. Da Faransa ta ci Abeshe a 1909, Ingila ta ci Darfur a 1916, jirgin ƙasa kuma ya riga ya iso El Obeid a wajajen 1912, sai hanyar ta miƙe: Kano, Maiduguri, Dikwa, Kusuri, a haye ruwa zuwa Fort Lami, sa'an nan Ati, Abeshe, Adre, Janaina, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Talaka da ya fito da ƙafa ko da jaki ba guzurin da zai kai shi. Yakan tsaya ya yi aiki, ya tara abin da ya samu, ya ƙara gaba. Tafiyar takan ci shekaru, wani ma ta ci rayuwarsa duka.

Fort Lami ita ce zangon farko mai girma bayan an haye kogi, kuma akwai abin yi a cikinta. Mahauci ya sami mahauta, wanzami ya sami kawuna, baduku ya sami fata mai araha, malami ya sami almajirai da masu neman addu'a, ɗan kasuwa ya sami goro mai zuwa daga yamma da kanwa da bandar kifi masu komawa can. Wanda ya ce zai yi damina ɗaya sai ya yi aure. Wanda ya dawo daga Makka ya tarar garinsu ya yi masa nisa a zuciya sai ya sauke kaya. Wani Ba'amurke mai suna John Works ya yi bincike a kan Hausawan Fort Lami da na Abeshe, ya fitar da littafi a 1976 wanda ya sa wa suna Pilgrims in a Strange Land, wato alhazai a baƙuwar ƙasa. Sunan ya dace da yadda mutanen suka ɗauki kansu. Har yau kuma akwai unguwa a gunduma ta goma da ake kira Hille Hujjaj, ƙauyen alhazai.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin daga nan matsalar ta samo asali. Mutumin da ke ganin kansa a kan hanya, gida a wurinsa masauki ne. Kuma a wurin Bahaushen zango masauki sana'a ce. Dubi fasalin tsohon gida irin wanda har yanzu ake samu a Marjandafak da Ambasatna da Ridina: zaure a bakin titi, ɗakunan baƙi a jere bayansa, sa'an nan katangar da ta raba waje da cikin gida inda mata suke, ga rijiya, ga bishiyar dalbejiya. Ɗakunan nan na waje su ne jarin maigida. Baƙo ya sauka da kayansa, maigida ya ajiye masa su, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ba da bashi, ya yi masa tafinta a gaban hukuma, ya karɓi la'adarsa. Alhajin da kuɗinsa ya ƙare a nan yake kwana har ya sami sana'a. Ba a cika karɓar kuɗin ɗaki ba. Ribar tana zuwa ta wata ƙofa.

Wannan tsari ba a Cadi kaɗai yake ba. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro na can gaba ɗaya a kan masu gidaje ya dogara, kuma ƙarfin maigida yawan ɗakunansa ne da yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa. Haka zangon Kumasi yake. Darajar gida a wannan lissafi mutanen da ke shige da fice a zaurensa ne. Ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ba ta da wani farashi na a zo a gani, domin fili na nan birjik, kuma wanda ya nemi wuri wajen mai unguwa ba a hana shi. Me zai kai irin wannan mutum ofishin Bature, ya biya kuɗin awo da hatimi, a kan abin da duk unguwa ta san nasa ne?

Shi kansa ginin bai nuna niyyar dawwama ba. Da laka ake yi, wadda a nan ake kira potopoto, a rufe da azarar giginya da ƙasa, kowace shekara kafin damina a yi yaɓe. Inda aka haƙi ƙasar ginin ya zama kududdufi, abin da Larabcin gari ke kira buta, kalmar da kan rikita baƙon da ya zo daga Kano yana zaton ta alwala ake nufi. Waɗannan ramuka sun yi wa garin aikin da ba a gode musu ba: su ne ke shanye ruwan Agusta. Da fili ya yi tsada aka dinga cike su da shara ana gini a kai, ruwan kuma ya koma neman wuri a tsakar gidajen mutane.

Dokar ƙasa ta Faransa kuwa ta girmi garin. Ran 28 ga Maris 1899, fiye da shekara guda kafin a kafa Fort Lami, aka fitar da dokar mallakar ƙasa ta Kongon Faransa, wadda Cadi ta shiga ƙarƙashinta. An ɗauko tsarin ne daga wanda Robert Torrens ya kafa a Kudancin Ostireliya a 1858: a auna fili, a rubuta shi a babban littafi da lamba da sunan mai shi, kuma abin da littafin ya faɗa shi ne gaskiya a gaban alƙali. Filin da ba shi da mai shi na hukuma ne. Wannan littafi an buɗe shi ne domin Turawa da kamfanoninsu da manyan 'yan kasuwa. Ɗan ƙasa a unguwarsa abin da yake samu, in ma ya samu, izinin zama ne: ginin nasa ne, ƙasar ta hukuma, kuma ana iya tashinsa ranar da aka bukaci wurin.

Muddin garin ƙarami ne, wannan bambanci bai dami kowa ba. A 1937 mutanen Fort Lami ba su wuce 10,000 ba. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafin. Ran 26 ga Agusta 1940 Gwamna Felis Ebuwe ya bi Janar Dagol, garin ya zama sansanin da Laklar ya tashi daga gare shi zuwa hamadar Libiya, aka bukaci leburori da direbobi da masu abinci, har jirgin Jamus ya zo ya jefa bom a filin jirgin sama a Janairu 1942. Bayan yaƙi aka shiga gine-gine, aka buɗe mahautar Farsha mai ɗakin sanyi, ana ɗaukar nama a jirgin sama zuwa Barazabil. A 1968 mutanen garin sun kai kimanin 126,000. A cikin wannan kumburi ne aka dinga yanka sababbin unguwanni kare-kare, da tituna miƙaƙƙu masu gicciye da juna, a bayan tsohon gari, kuma Ridina tana cikinsu. Wanda ɗakin gidan ubansa ya yi masa kaɗan, da wanda ya gaji da zama a zauren wani, suka sami inda za su kafa nasu. A lokacin ana ganin wurin bayan gari ne. Yau tsakiya ne, kasuwanni da babban masallaci duk ana iya zuwa da ƙafa, kuma wannan shi ne dukan sirrin tsadarsa.

An sami 'yancin kai ran 11 ga Agusta 1960, amma littafin Bature bai tafi da shi ba. Ran 22 ga Yuli 1967 gwamnatin Tombalbay ta fitar da dokoki uku, lamba 23 da 24 da 25, kuma duk da shekarun da aka yi ana maganar sabunta su, su ne ginshiƙin sha'anin ƙasa a Cadi. Ta 23 ta fayyace abin da yake na hukuma. Ta 25 ta faɗi yadda hukuma ke karɓar fili domin amfanin jama'a. Ta 24 ita ce ya kamata kowane magidanci ya san abin da ke cikinta: cikakkiyar mallaka ba ta tabbata sai da rajista, wato titir fonsiye, filin da ba a yi wa rajista ba ana ɗaukarsa marar mai shi har sai an kawo hujjar akasin haka, haƙƙin gargajiya kuma yana faɗuwa idan aka shekara goma ba a yi amfani da shi ba. An kuma raba filayen birni gida biyu, waɗanda dole a gina da siminti ko jan bulo, da waɗanda aka yarda a gina da laka. Hanyar samun titir tana da tsawo: a nemi filin a hukumance, masu awo na kadastir su kafa duwatsun iyaka, a biya kuɗin ƙasa, a sami takardar sayarwa ta gwamnati, a gina abin da ya kai ƙimar da aka gindaya, a zo a duba, sa'an nan a shiga littafi.

Kaɗan ne suka bi ta har ƙarshe. Abin da ke cikin akwatin yawancin gidaje takardar ciniki ce da hannu, wani lokaci da Larabci ko ajami, da sunayen shaidu da hatimin mai unguwa, sai rasiɗan haraji da suka yi ja don tsufa. Ba na raina waɗannan takardu. Hujja ce, kuma alƙali yana dubanta. Amma ƙarfinta yana tare da ran shaidunta da zaman lafiyar unguwar, kuma duka biyun an jarraba su.

A 1973 aka sauya sunan garin zuwa Injamena. Shekara shida bayan haka hutun ya ƙare. Ran 12 ga Fabrairu 1979 faɗa ya ɓarke tsakanin mayaƙan Hissen Habre da sojojin Shugaba Malum, garin ya rabe, 'yan kudu da yawa suka bar gidajensu suka nufi garuruwansu, kuma tun daga lokacin zaman unguwanni ya ƙara bin addini da yanki fiye da da. A Kano aka zauna sulhun farko a watan Maris, aka sake zama a Legas a Agusta, aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa a ƙarƙashin Gukuni Wadai. Ba ta daɗe ba. Daga Maris zuwa Disamba 1980, wata tara cur, aka yi ta luguden wuta a cikin gari tsakanin Habre da Gukuni, har tankokin Libiya suka shigo suka raba gardama. Mutane kimanin 100,000 suka haye kogi a kwalekwale zuwa Kusuri, domin a lokacin gadar Ngeli ba ta wanzu ba, sai a 1985 aka yi ta. Hausawa da yawa ba su tsaya nan ba, suka wuce Maiduguri da Kano wurin dangin da kakanninsu suka baro. Jikokin alhazai suka bi hanyar alhazai a juye.

Gidan laka ba ya jure rashin mai shi. Damina biyu ba yaɓe, soro ya rufta. Inda akwai kwano da ƙofofi an ɓalle su. Waɗanda suka dawo bayan Habre ya karɓi garin a Yuni 1982, wani ya tarar da kango, wani ya tarar da baƙin fuska a ɗakinsa, mai bindiga ko ɗan'uwan mai bindiga. Takardu sun ƙone ko sun ɓata a gudun hijira, dattawan da suka shaida ciniki waɗansu sun rasu a can. Inda makwabta suka dawo tare, yarda ta yi aikinta, aka ce wannan gidan wane ne, aka mayar masa. Inda iyali suka yi zamansu a Nijeriya shekara goma sha, suka dawo a zamanin Idris Debi, labarin ya sha bamban. Rigingimun gidaje da dama da ake gadonsu yau kamar yadda ake gadon gidan kansa, daga waɗannan shekaru suka taso.

Sai mai ya zo. A 2003 aka fara tura man Doba ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru. Kuɗi ya shigo hannun waɗansu, kuma a ƙasar da masana'antu ba su da yawa, mai kuɗi fili yake saye. Ƙidayar 1993 ta sami mutum fiye da 500,000 a garin, ta 2009 ta sami kimanin 951,000. Gini da siminti a nan ba wasa ba ne, domin tashar teku ta Duwala tana nesa da mu da kusan kilomita 1,800, ƙarfe da kwano da yawancin kayan gini kuma ta gadar Ngeli suke shigowa. Wanda ya iya wannan ɗawainiya ba zai so ya kai ta bayan gari ba. Yana son kare a tsakiya, a bakin titi, inda zai yi kantuna a ƙasa da bene a sama. Tsohon gidan laka mai zaure ya zama abin da ake saye domin a rushe.

Hukuma ma ta zo da nata buri na mayar da Injamena abin nuni a Afirka. Bayan 'yan tawaye sun shigo garin ran 2 da 3 ga Fabrairu 2008 an kore su, aka kafa dokar ta-ɓaci, kuma ran 22 ga watan aka sa hannu a kan umarnin rushe gine-ginen da aka ce ba bisa ƙa'ida suke ba a Gardole da Waliya Angoso. Rusau bai tsaya a nan ba. Ƙungiyar Human Rights Watch, bisa takardun ofishin magajin gari, ta ce an rushe gidaje 1,798 a unguwanni 11 cikin 'yan makonni. Amnesty International, da hotunan tauraron ɗan'adam, ta ƙirga gine-gine fiye da 3,700 a cikin shekara guda. Gardole tana cikin tsofaffin unguwannin garin, an haifi kakanni a cikinta, amma tsufan zama bai tsayar da katafila ba. Gaskiya kuma ita ce, har waɗansu masu takardu an rushe musu, abin da ke nuna takarda ma ba laya ba ce. Bambancin dai shi ne mai takarda yana da abin da zai riƙe ya shiga kotu neman diyya. Mutanen Ridina da makwabtanta sun ga wannan da idonsu, kuma daga shekarar ne maganar titir ta shiga hirar zaure.

Amma a ganina abin da ya fi cin gidajenmu ba katafila ba ne, rabon gado ne, kuma shi ba ya ƙara. Mu ɗauki misali. Magidanci ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu, mata shida, iyayensa sun riga shi. Gidan mita 15 ne a 30, wato murabba'in mita 450. Matan biyu suna da tumuni, su raba. Sauran a kasa shi kashi 14, namiji biyu mace ɗaya. Kowace 'ya ta tashi da kimanin murabba'in mita 28, kowane ɗa 56, kowace matar 28. Ɗaki ɗaya ke nan da ɗan abin da ya rage, ba hanyar shiga, ba makewayi. Muddin iyaye mata na raye akan bar gidan a haɗe. Ranar da suka kau, ga ɗaya yana son jari, ɗaya tana aure a Maiduguri, ɗaya yana Jidda shekara ashirin, sai dillali ya zo da farashin da babu wani magaji da zai iya biyan 'yan'uwansa. A sayar, a raba. Sunan da ke kan tsohuwar takarda kuma na kaka ne wanda ya rasu tun zamanin Malum, ba a taɓa sauya shi ba, don haka kafin a sayar ɗin ma sai an tara magadan magada. Cadi ba ta da dokar iyali tata. Tsarin da aka rubuta ya daɗe yana jiran amincewa. Saboda haka Musulmi kan kai rabonsu gaban malamai ko Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci a babban masallacin Sarki Faisal, alhali littafin filaye da kotu suna tafiya a kan dokar da aka gada daga Faransa. Magaji mai wayo yakan zaɓi ƙofar da ta fi masa.

Akwai wani babi a fiƙihun Malikiyya da kakanninmu suka karanta a Risala wanda ya dace da wannan hali, amma ba a cika jin an ambace shi a wurin rabo ba, wato shuf'a. Idan mutane sun yi tarayya a gida ko fili da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya yana da haƙƙin ya biya kuɗin da baren ya biya ya karɓi kason. A mazhabarmu haƙƙin na abokin tarayya ne, makwabci ba shi da shi, kuma yana faɗuwa idan an riga an raba an kafa iyaka, ko idan wanda ke nan ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce. Malaman da suka tsara wannan sun san ciwon shigowar bare tsakiyar gida. Sai dai shuf'a tana bukatar kuɗi a hannu. Inda 'yan'uwa suka haɗa ƙarfi suka sayi kason mai son fita, gida yakan tsira. Inda kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido, haƙƙin yana nan a littafi har shekarar ta cika.

Gidajen da suka tsira ma sun sauya hali. Ɗakunan baƙi sun zama ɗakunan haya, ana biya wata-wata, sau da yawa da kuɗin watanni a gaba, iyali biyar ko shida a kan famfo ɗaya da makewayi ɗaya. Zaure ya zama shago. An sauke soro an ɗora kwano, wanda ya huta da yaɓe amma ya mai da ɗaki tanda a watan Afrilu. Jirgin sama ya riga ya kashe hanyar ƙasa ta alhazai tun shekarun 1970, ɗan kasuwa kuma yanzu da waya yake ciniki, ya kwana a otal. Abin da ya rage na al'adar saukar baƙi ya gamu da 2015: bayan hare-haren Boko Haram na 15 ga Yuni a hedikwatar 'yan sanda da makarantarsu, da na 11 ga Yuli a babbar kasuwa, saukar da mutumin da ba a sani ba, musamman mai jin Hausa ko Barbarci da ya hayo daga yamma, ya zama abin da maigida zai yi tunani sau biyu a kansa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Zuriyar da ta shekara ɗari a nan ta sami kanta tana nuna takardun haihuwa domin ta tabbatar a wane ɓangaren karin maganar take.

Wanda ya karɓi kasonsa na gado kuwa, ina ya nufa? Kuɗin ba zai saya masa komai a tsakiya ba. Sai gefen gari: Digel da Njari tun da, yanzu kuma can gaba, Gasi, Lamaji, ko hayin kogi, Waliya da Tukura. A can filayen ƙauyuka ne da gari ya cim musu, kuma bulama ne ke sayarwa, da takardar hannu da shaidu, kafin masu awo su iso. Wato an koma inda kaka ya fara, sai dai wannan karon makwabta ba su san juna ba, fili ɗaya ana iya sayar da shi ga mutum biyu ko uku, kuma ranar da aka zo yanka unguwar a hukumance titi na iya bi ta tsakiyar ɗakin mutum. Ga nisan kasuwa, ga kuɗin mota kullum.

Ga kuma ruwa. Gunduma ta tara tana kwance ne tsakanin Shari da Logon, a wurin da koguna biyu suka saba malala tun kafin a san za a yi gari. A 2022 Shari ya haura mita 8 a ma'aunin Injamena, ya karya shingayen ƙasa, ya shiga Waliya da Tukura da kewayensu. Ran 19 ga Oktoba Shugaba Mahamat Idris Debi ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliyar. Dubun dubatar mutane suka koma rumfunan leda a sansanonin Tukura da Kundul da Milezi, waɗansu kuma suka nemi dangi a tsofaffin unguwanni, inda duk wanda gidan kakansa ke tsaye ya sami inda zai shimfiɗa tabarma. Ruwan bai janye ba sai da sanyi ya shigo. A Oktoba 2024 kogin ya sake cika, ya wuce alamar 2022.